Randar Tsakuwa ta Yaya Mamman

Shekara talatin da biyu ke nan da Allah ya karɓi ran yayana Mamman, mai gina rijiya a ƙauyenmu kusa da Kore Mairuwa. Jikata Rabi, mai karatun injiniya a Yamai, ita ta tuno mini da shi bana. Ta buɗe odinatarta, wato kwamfuta, ta nuna mini zanen bututu cike da ƙwayoyi kamar wake, ruwa na ratsa tsakaninsu, ja a mashiga, shuɗi a mafita. Ta ce launin na nuna yadda ƙarfin ruwan ke raguwa yana kutsawa. Na ce mata ai na san wannan aiki.

A shekarun farko na ƴancin kai, kurkunu kan kwantar da mutanenmu daidai lokacin noma. Rijiyarmu na da zurfi, don haka da damina mata sun fi son tabki. Wata shekara ciwon ya kayar da Mamman, ciyawa ta cinye masa gero. Wani ma'aikacin asibitin mishan a Dogon Dutsi ya gaya masa a ruwan tabki ake shan cutar. Mamman ya rantse ba zai sake rasa damina ba.

Ya huda gindin randa ya cika ta da tsakuwa don tace ruwan tabkin. Da manyan tsakuwa, ruwa ya zubo da sauri amma da laka. Da yashi mai laushi, ya fito garau amma ɗigo-ɗigo. Matarsa Hajo ta ce, "Maigida, in na tsaya jiran wanga ɗigo, tuwon yau sai jibi." Ya san in randa ta yi nawa, za ta koma wa ɗanyen ruwan tabki.

Ba mu da agogon auna saurin zubar ruwan. Sai ya riƙa yin salati a carbi har ƙwarya ta cika, ni kuma in rubuta adadin da ajami a allo. Ran da ya tafi gina rijiya, ni nake jan carbin. Lissafi ya ƙi daidaita: randa ɗaya, shi ya samu arba'in, ni ashirin da biyar. Ya zargi tsakuwa. Muka juye, muka wanke, muka sake jerawa har mako biyu.

Hajo ce ta gano. "Kai kana salati kamar kura ta biyo ka, ƙanenka kuwa kamar liman ranar Idi. Ku bar mini." Daga nan da bugun taɓaryarta aka riƙa auna lokaci, don hannunta ba ya sauya. Muka tsaya a kan wannan tsari: manyan tsakuwa a ƙasa, ƙanana a tsakiya, yashi taƙi ɗaya a sama. Ta yarda ta jira. Daminar da ta biyo, ba wanda ya kwanta a gidanmu, Alhamdu lillahi.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga na'urar Rabi. Ina jin zai fara tambayar wa ke ja mata carbi, kuma ko mai sauri ne.

Randar ta fashe tun da daɗewa, allon ma an wanke. Amma da Rabi ta rage girman ƙwayoyin, shuɗi ya rufe bututun tun ruwan bai kai rabi ba, ban san lokacin da na ce mata, "Ƙara musu girma, Hajo ba za ta jira ba." Allah ya jiƙan Mamman da Hajo duka biyu.