Bangon da Aka Shafe Saboda Minista

Har na bar aiki ban manta da ranar da aka shafe mana zanen Malam Sanusi ba. Lokacin ni ke riƙe da sito a wata cibiyar koyon sana'a a nan Maraɗi, shi kuma yana koyar da zane, ritayarsa ta kusa, idonsa ya fara hazo.

Tun damina yake aiki a bangon zauren taro. Fadamar Jiratawa ya zana, inda aka haife shi: ruwa kwance a lambatu, balbela tsaye da ƙafa ɗaya, ganyen zogale da ya faɗo kan taɓo. Sai ya manna fuska da bango kafin ya ga layin da yake ja. Ya ce mini wannan ne na ƙarshe.

Rannan aka ce minista zai kawo ziyara. Kun san halinmu: in babba zai zo, komai sai an shafa masa farar ƙasa, har gindin itace da duwatsun bakin hanya. Daraktanmu ya ɗauko masu shafe daga Sabon Gari, ya ce, "A shafe duka," ya shiga mota.

Na dawo daga sallar azahar na leƙa zauren. Bango fari tas! Rubutun maraba da ke sama kaɗai suka zagaye da kyau.

Na ce da ubangidan masu shafen, "Malam, ina zanen?"

Ya ce, "Wane zane? Mun duba, ba mutum a ciki, ba rubutu. Ciyawa ce da taɓo."

Wallahi ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi razana ni ke nan.

Malam Sanusi ya shigo da la'asar, ya dubi bangon, sannan ya ce, "Hamisu, idona ne, ko babu shi?"

Na ce, "Babu shi, Baba."

Ya ce in tsayar masa da ɗan kabu-kabu ya kai shi gida. Bai sake riƙe buroshi ba.

A aikinmu, tsoron babban baƙo ya fi ruwan sama ɓarna, shi ya sa duk inda na ji an ce "duka", sai na tambaya ban da me. Ministan kuwa ya tsaya a garin Tsibiri, dare ya yi masa, bai iso wurinmu ba.