Katin da Ya Yi Baƙi a Akwatin Salih

Salih Dogo ya yi shekara talatin da ɗaya yana kai shayi da jabana, gahawar Sudan, a wani nadi, wato kulob, da ke bakin kogi a Khartum, inda tsofaffin ma'aikatan gwamnati ke taruwa bayan la'asar su buga karta. Kullum daga unguwar Hajj Yusuf yake tasowa, ya cusa dogayen ƙafafunsa a hafila, ƙaramar bas ɗin haya, ya sauka ya ƙarasa a ƙasa, sanye da farar jallabiyar da matarsa Talatu ke goge masa har ta yi ƙyalli. A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Ana yabonsa a kan haka, shi kuma ya riƙe yabon gam. Yabo ne mai tashin zuciya, amma ya daɗe bai gane ba.

Abin ya samo asali daga gida. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya tsaya noman auduga a yankin Jazira na Sudan don ya sami guzuri, tafiyar ta ƙare a nan. Mahaifinsa, Ubaidullahi tela, ya raine shi a kan doka guda: idan babba ya yi magana, ba ka ɗora taka a kan tasa. Yakan ƙara da cewa su jikokin baƙi daga yamma, da ake kira Fallata, sai sun fi kowa kiyaye wannan, ko da a garin aka yanke musu cibiya. Salih ya ɗauki dokar ya shiga duniya da ita, bai taɓa tambayar inda iyakarta take ba.

Wasan da ake yi a ɗakin ciki na nadin ba kartar wist ta gindin bishiya ba ce, da ake ihu ana maka kati a tebur. Sunansa birij. Mutum huɗu ne, biyu suna karawa da biyu, kowa da kati goma sha uku. Kafin a fara bugu sai an yi kira: kowane ɓangare ya faɗi ci nawa zai yi, da irin katin da zai zama sarki, ana ɗora kira a kan kira har wani ya haƙura. Ba da baki ake yi ba. Kowa na da ɗan akwati a gefensa cike da katunan kira, ya zaro wanda yake nufi ya ajiye a gabansa. Wanda ba shi da abin cewa sai ya ajiye koren kati, sunansa fas.

A tsaye Salih ya koyi wasan, da faranti a hannu, a bayan kujerun mutane. Mai zaune katinsa kawai yake gani, mai kai shayi kuwa yana ganin na kowa. Cikin shekara biyar ya fi rabin ɗakin fahimta. Ya san abin da likitoci da injiniyoyin nan ke yawan mantawa, cewa hannu mara ƙarfi ba hannun banza ba ne. Idan ba ka da manyan kati amma kana da bakwai iri ɗaya, wani lokaci kana ɗora kira a kan na abokin gaba alhali ka san za ka faɗi, domin makin da za ka rasa a faɗuwar bai kai wanda za su kwashe ba idan ka bar musu fili. Yakan ga mutum ya riƙe irin wannan hannu ya yi shiru, sai ya ji kamar ya ƙwala masa farantin.

Ranar da aka rasa na huɗu aka ce ya zauna ya cike tebur. Daga nan ya zama ɗan cike gurbi, shekara goma sha tara. Shi ke share akwatunan kira yana jera su, don haka akwai wani mai tsagaggen murfi da yake ajiye wa kansa, kada ya faɗa hannun wani babba. Idan katinsa na da ƙarfi sosai, kuma babu wanda ya riga shi magana, yakan kira. Amma da zarar wani dattijo ya ajiye kira a gabansa, shi kenan, yatsansa ya san hanyar koren kati. Ko da bakwai iri ɗaya, ko da takwas. Ɗora kira a kan na mutumin da ya kusa haifarka ai katse shi ne.

Wanda ya fi son zama da shi shi ne Maulana Abdulmun'im, tsohon alƙali mai jan tabarau zuwa karan hanci. Bai taɓa ɗaukar Salih abokin wasa ba. Kullum cewa yake, "Ya Salih, zo ka zauna nan hagu da ni." Na hagu shi ke magana bayanka, kuma abokin gabarka ne. Idan an tashi sai Maulana ya dafa kafaɗarsa ya ce wa jama'a, "Kun ga tarbiyya. Mutanen nan akwai ladabi, wallahi 'ya'yanmu su zo su koya." Salih ya sunkuyar da kai yana jin daɗi, ya koma gida ya ba Talatu labari. Ita dai tambayarta guda ce tun farko, ko ana sa kuɗi. Da ya rantse mata ba a sawa, sai ta bar shi da abinsa.

Wadda ta ɓata wannan zaman lafiyar ita ce Ustaza Khadiga, wadda ta yi shekara talatin tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Umdurman. Mijinta ne abokin wasanta, da ya rasu ta yi wata shida ba ta leƙo ba. Da ta dawo, shekara guda kafin yaƙi ya watsa kowa, gasar nadin ta shekara ta gabato kuma ba ta da abokin zama. Ta kira Salih gidanta wata Juma'a da hantsi. Ya tsallaka kogi, ya hau raksha, keke mai ƙafa uku, har ƙofar gida, yana tsammanin wani aiki za ta sa shi.

Ta shimfiɗa karta a tebur ƙarƙashin rumfa, ta jera masa hannu bayan hannu tana tambayar me zai kira. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ta gyara lulluɓin tobinta ta zuba masa ido.

"Ya Amm Salih, ashe ka san duk wannan. To me ke kama hannunka a nadi?"

"Ya Ustaza, manya ne."

"Ni ma ba yarinya ba ce. Idan ka yi shiru don kunyar Maulana, ni ka zuba wa ƙasa a ido, tunda ni ce a ɓangarenka. Shekara nawa ina kallonka kana yi wa abokan wasanka haka, suna zaton iyakar saninka ke nan." Ta tattara katin. "Zan rubuta sunanka tare da nawa a gasar. Sunanka, ba na huɗu ba. Amma idan na buɗe hannunka na ga ka yi fas saboda fuskar wani, khalas. Ka koma cike gurbi, ba zan sake zama da kai ba."

A hafilar komawa ya yi ta juya maganar. Sunansa a allon nadi, a jere da na mutane. Ya tarar yana son abin nan fiye da yadda ya taɓa yarda wa kansa, har kunyar son ta kama shi.

Ranar gasar aka jera tebur shida, ana zagayawa, kowane tebur na buga hannayen da sauran suka buga don a gwada wa ya fi. Salih ya haɗa wa kowa shayi tukuna, sannan ya wanke hannu ya zauna da tsagaggen akwatinsa. Tebur huɗu suka wuce lafiya. A na biyar suka tarar da Maulana da abokinsa, wani tsohon injiniya.

"Hagu da ni, ya Salih, kamar kullum," in ji Maulana.

Hannu na biyu, Salih ya buɗe katinsa. Bastoni bakwai, baƙaƙe, sarauniya ce babbarsu. Sauran shidan tarkace, ko ci ɗaya ba za su yi ba. Kuma zagayen ne da faɗuwa ke da sauƙi a ɓangarensu. Maulana ya ajiye kiran hart ɗaya, irin jan katin nan mai zanen zuciya. Kafin Salih ya yi tunani, koren katin ya riga ya sauka a gabansa, yatsan ya yi aikinsa na shekara goma sha tara. Injiniya ya ajiye hart uku. Ustaza ta yi fas, ba ta ɗago ba. Maulana ya ajiye hart huɗu ya jingina, ya fara gyara katinsa kamar an gama magana.

Ba a gama ba, saura Salih. Ya san hart huɗu za ta ci musu, maki ɗari shida da ashirin. Ya san idan ya ce bastoni huɗu zai faɗi da ci biyu ko uku, abin da bai kai haka ba. Yaron makaranta ma zai iya wannan lissafin. Amma yana jin muryar Ubaidullahi tela kamar yana tsaye a bayan kujerarsa. Maulana ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Yalla ya Salih, shayi na hucewa."

Ya kai hannu akwatin, ya wuce koren. Katunan can baya sun manne da juna saboda ba a taɓa zaro su ba, sai da ya sa farce ya raba. Ya ajiye bastoni huɗu.

Injiniya ya ajiye jan katin dabal, wato a ninka masa hukuncin faɗuwa. Aka buga. Salih ya yi ci takwas, ya faɗi da biyu, maki ɗari uku. A yawancin teburan an bar masu hart sun kwashe ɗari shida da ashirin ɗinsu. Ustaza ta rubuta sakamakon ta ce, "Kwayis, ya yi kyau. Amma tun a zagayen farko ya kamata ka ce uku." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya ishe shi.

Abin da yake jira shi ne fushin Maulana. Ya shirya ma'alesh ɗinsa, ya shirya tashi tsaye ya ba da haƙuri. Sai ga Maulana yana dariya har tabarau na zamewa.

"An lalata mana shi, ya jama'a," ya ce yana nuna Ustaza. "Shekara nawa ina cin moriyar kujerar nan. Idan Salih na hagu da ni, ko da ƙashin kaji nake kira, na san babu mai taɓa ni. Rabin kofunan gasa da ke ɗakina shi ya ba ni." Ya juyo ya dafa kafaɗar Salih, wurin da ya saba dafawa. "Na san ka iya, ya Salih, tun tuni na sani. Ina ganin yadda kake buga kati. Na ce mutum mai ladabi haka, me zai sa in tayar da shi?"

Teburin kusa ma suka yi dariya. Babu wanda ya ji an raina shi, babu wanda ya ce ɗan Fallata ya yi rashin kunya. Ashe babu wanda zai taɓa cewa haka, ko a bara, ko shekara goma da suka wuce. Tafin hannun nan mai ɗumi a kafaɗar Salih ya zame masa abin ƙyama, ya rasa wa ya fi ba shi haushi, tsohon da ya yi ta shafa shi yana kwasa, ko shi da ya yi ta ɗaukar shafar yana kai wa Talatu labari da murmushi. Ya zame kafaɗarsa a hankali.

Sun zo na uku a gasar. Aka rubuta a allo, Khadiga da Salih, da alli, a ƙarƙashin sunan Maulana da ya zo na biyu. Ustaza ta ce masa Talata mai zuwa ƙarfe huɗu, kada ya makara, ta fita neman raksha kafin magariba.

Da ɗakin ya watse ya tattara kofuna, sannan ya zo kan akwatunan kira kamar kullum. Ya buɗe mai tsagaggen murfin. Katunan kira suna nan fes, gefensu da kaifi kamar yau aka kawo su daga kanti. Koren kuwa ya daina zama kore. Ya yi laushi, kusurwarsa ta lanƙwashe, tsakiyarsa ta yi baƙi da maiƙo daidai girman babban yatsansa. Shi da ke goge kowane tebur sau biyu a yini bai taɓa lura da wannan dauɗar ba. Ya riƙe shi da bakin farce ya kai wurin famfo, ya goga da sabulu, ya sake gogawa. Baƙin ya riga ya shiga takardar, bai fita ba.