Ranar da aka ce in riƙa sauraren wayar mutanen Tawa

"'Yata, daga yau duk wayar da ɗan majalisar garin nan ya buga, ki saurara ki faɗa mini."

Wani baƙo ne daga Yamai ya faɗa mini haka, shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina budurwa, ni ke haɗa layi a gidan waya na Tawa. Maganar ciniki, haihuwa, rasuwa, duk ta hannuna take bi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane alƙali ya ba da izini?"

Ya ce minista ne ya ce, kuma ya isa.

Na ce, "To shi ministan, wa ke duba shi in ya yi kuskure?"

Ya juya ya fita, ni kuwa ban saurari wayar kowa ba. Kafin ƙarshen wata aka sallame ni, na koma Kalfu wajen mahaifiyata ina taya ta surfe. Na yi kuka sosai, don ina son aikin nan, amma ban je roƙo ba.

Jiya jikata ke gaya mini ana shirya dokar tsaron layukan waya, har da ba minista ikon rufe layi. A tsare layi, na yarda. Amma na sa ta rubuta wannan don a ji: a sa alƙali da majalisa a kan ministan.

Ku da wayoyin ke hannunku yanzu, wa kuke so ya duba shi?