Ƙwan kazar Inna da na aika ta gidan waya

Matso kusa 'yar'uwa, kai ma ɗan'uwa gyara zama, akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, yau na ce bari in sauke ta a wannan fili. A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ni matar aure ce a Gyaɗi-Gyaɗi, da yara ƙanana, ban san ko'ina ba sai tsakar gidana da kasuwar Tarauni. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ɗin ma ban ƙarasa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Daga ɗaki nake gane takun maigidana cikin masu dawowa daga masallaci, kuma in kaza ta yi kuka na san ko ƙwai ta saka ko shaho ta hango.

Da mahaifiyarmu Inna ta rasu ba ta bar abin kirki ba, 'yan kwanuka ne, da tabarmar sallarta, sai kajinta durgu masu gajerun ƙafafu, waɗanda ta taho da irinsu tun daga ƙauyensu. Ni aka bar wa su saboda ni ce mai tsakar gida. Zakaran ja ne, cararsa tana da wata 'yar karyewa a ƙarshe, kamar wanda dariya ta kama yana tsakiyar magana, kuma haka ubansa da kakansa suka yi tasu tun muna yara. Ciwon kaji ya ratsa unguwa ya share su, ya bar mini shi da kaza ɗaya wake-wake. Ana shiga damina kuma muzuru ya ɗauke zakaran, daidai lokacin da kazar ta gama saka ta hau kwanci. Kin ga ke nan, irin Inna kaf yana ƙarƙashin fukafukin kazar nan.

To, ina da ƙanwa guda, soja take aure, kuma a wannan juyin aka mayar da su wani bariki can kudu, bakin ruwa. Lokacin babu wayar hannu, kaset muke yi wa juna, in an sami matafiyi a ba shi. Nata ya iso wata ranar Juma'a. Ta ce lafiya lau suke, ruwan sama ba ya gajiya, kifi kamar a ba ka kyauta, ta yi ta tsokanata wai ko har yanzu sai an riƙe mini hannu nake tsallaka titin Zariya. Can wajen ƙarshe muryarta ta sauka, ta ce Yaya, a nan begila ke tashin mutane, da zan ji carar zakaran Inna ko sau ɗaya ne da na san gari ya waye da gaske. Ba ta san ya mutu ba. Kafin ta kashe rikodar na ji ta ja hanci, ɗan kaɗan, irin wanda ba ta so a ji. Na yi ta mayar da wurin baya har batir ya yi sanyi.

Daga nan tunani ya kwashe ni. Na ce ni ina gida, ina tsakiyar dangi, ita ba ta da kowa, gara duka ƙwan su tafi wurinta. Kazar ta fi sati a kwance, sai na ce ai ma an yi sa'a, an riga an yi talge saura tuƙi, in sun isa ta sa wa wata kazar ba za ta jira da yawa ba. Ban tambayi kowa ba. Na sa hannu cikin akurki, kazar tana sarana tana huci, na kwashe su da ɗuminsu. Kowanne na naɗe shi da tsumman wani tsohon zanin Inna, na jera su tsini ƙasa a cikin babban gwangwanin madara, na zuba gero har ya rufe su, yadda na ga Inna tana yi a ƙwarya in za ta kai ƙwai kasuwa. Na sa a kwali na ɗinke da buhu. Maigida ya rubuta mini adireshi yana dariya, wai ƙwai zai riga uwar gidansa ganin teku.

A gidan waya wani dattijo mai tabarau na tarar. Ya ɗora ƙunshin a sikeli, allurar ta yi gaba kamar ba za ta tsaya ba, ya leƙo ta saman tabarau ya ce Hajiya dutse za ki aika ne? Da na gaya masa sai da ya riƙe baki. Ya ce ya ga kilishi, ya ga yaji da turaren wuta, amma yau ya fara ganin fasinja mai rai a kwali. Ya yi mini bayani a hankali, cewa nauyi da nisan gari su ke yanke kuɗi, in ina son rajista kuma da nata daban, sannan ya ce gaskiya gero nake biya wa kuɗin mota, ba ƙwai ba, in koma in sa ƙaiƙayi ko dusar katako, sun fi sauƙi. Na ce a'a Baba, yadda Inna take yi haka za su tafi. Ya yi ta manna kan sarki har fuskar buhun ta cika, ya sa jan biro ya rubuta cewa abin fashewa ne, ya zana kibiya mai nuna sama. Na taho a ƙafa ta Tarauni ban ma san ina tafiya ba. Ina ta ganin 'yan tsaki gajeru suna bin juna a bayan gidajen soja, ina jin carar nan mai karyewa tana haye begila, ƙanwata ta buɗe ido ta yi murmushi.

Da la'asar wata tsohuwa maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta ga kazar kwance a kan ƙasa tsura. Na ba ta labari ina washe baki. Ta saki rariyar ta yi salati. Ta ce 'yar nan, ai ƙwan da ake aikawa shi ne sabo wanda kaza ba ta hau ba, shi barci yake, zai jure hanya. Wanda aka fara yi wa kwanci rai ya riga ya motsa a ciki, in ɗumin ya yanke yini guda shi ke nan. Ta ce abin da na yi kamar a ciro ɗa daga ciki ne a sa shi a mota. Ko mayafi ban yafa daidai ba na tare acaɓa zuwa gidan waya, ni da ko kusa da babur ba na zuwa. Dattijon yana haɗa kayansa zai tashi. Ya dube ni da tausayi ya ce jakar saƙonni ta fita tun azahar.

Kwanakin da suka biyo baya kamar a cikin ruwa na yi su. Kazar ta ƙi tashi, tana juya ƙasa da baki kamar akwai abin juyawa. In na ɗan kishingiɗa da rana sai in ji tsiyau-tsiyau daga cikin gwangwani, can nesa, a bayan wata mota da ke ratsa dazuzzukan da ban taɓa gani ba. Na yi wa ƙanwata kaset na gaya mata komai, har mutuwar zakaran, amma matafiyi bai samu ba sai da aka daɗe.

Amsarta ta zo damina ta yi nisa. Ta ce ƙwan sun iso ko ɗaya bai fashe ba, gero ya yi aikinsa. Matar wani soja ta ara mata kaza mai kwanci, suka jira har lokaci ya wuce, duk suka zama baragurbi. Ta ce ta fasa ɗaya ta gani, ga ɗan baki, ga 'yan ƙafafu gajeru, durgu sak. Sai ta ce in daina kuka, ta san ina yi, akwai abin da ya iso da rai. Geron da ta watsar a bayan kicin ya tsiro, ya yi tsawo har ya fi ta, duk da ruwa ya hana shi zangarniyar kirki. Ta ce Yaya saurara. Ta kai rikodar cikin ganyen, iska tana kaɗa shi, shuu, shuu, sak gonar bayan gidan su Inna da yamma. Har yau kaset ɗin yana cikin adakata.

Irin kajin Inna dai a hannuna ya ƙare, kazar ta tsufa ita kaɗai. Na sayi zakaru da yawa bayan haka, babu wanda cararsa ta karye a inda ya kamata. Abin da na koya shi ne so ba ya hana ɓarna, wani lokacin ma shi ke sa gaggawa. Katanga ɗaya ce tsakanina da tsohuwar da ta sani, da na ɗaga murya kawai da ta ji ni. Don haka duk mai son aika ƙwan ƙyanƙyasa, ya ɗauki sabo wanda kaza ba ta hau ba, kada ya wanke, ya cika gefensa yadda ba zai motsa ba, kuma kada ya kwashe duka, ya bar na gida. Wanda kaza ta rungume kuwa a bar mata abinta ta ƙarasa.

Ke fa 'yar'uwa, wane abu ne yanzu haka yake ɗumi a hannunki, da kike shirin ɗagawa daga inda yake saboda wanda kike so, alhali ba ki leƙa katanga kin tambaya ba?