Ɗakunan da Pak Kasiran Ya Gyara

Duk wanda ya zauna a lungunmu na birnin Malang ya san Pak Kasiran; Pak muke ce wa duk babban namiji. Gajere ne kakkaura, yana ɗan jan ƙafar hagu tun zamanin da yake tuƙa keken fasinja. Ni shinkafa da soyayyen tempe, wato wainar waken soya, nake sayarwa a bakin lungun, kuma a kan bencina yake karyawa kullum.

Shi ke kula da gidan hayar Haji Marzuki, ɗakuna ne a jere da rijiya a tsakar gida. Ba albashi ne ya haɗa su ba. Abokai ne tun suna samari, sai Haji ya ba shi ɗakin ƙarshe ya ce ya zauna ya riƙe masa gidan. A ɗakin ya yi aure, a nan matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba. Shi ke karɓar haya, shi ke hawa rufi in damina ta kankama, shi ke raba mata faɗa a bakin rijiya. In wani ya kasa biya, sai ya tafi wa Haji da dogon labari, har Haji ya gaji ya ce, "Kai dai lauyan 'yan haya ne, tashi ka ba ni wuri."

Da Haji ya rasu, gidan ya koma hannun ɗansa Teguh, wanda Pak Kasiran ya sha kai shi makaranta a kan keke. Teguh kan kira shi Pakde, kamar dai wan mahaifinsa ne. Wata safiya ya same shi a bencina, ya zauna kusa da shi.

"Pakde, Baba ya bar bashin banki a kan gidan nan. Na samu wani bankin da zai biya tsohon, ya ba ni sabo mai sauƙi, har da rarar da za mu yi gyara. Sai dai dole mutane su ɗan tashi. Ni in na faɗa ba za su yarda ba."

"In an gama fa?"

"Kowa ya dawo ɗakinsa. Haba Pakde, ina za su je?"

Pak Kasiran ya bi ƙofa-ƙofa. Wadda ta fi ba shi wuya ita ce Bu Lasmi (Bu muke ce wa manyan mata), wata gwauruwa mai wankau da ta aurar da 'ya'yanta duka a gidan.

"Kasiran, yaron nan da ko gaisuwa sai ya ga dama? Ni ban yarda da mai takalmi mai ƙyalli ba."

"Ba shi za ki yarda da shi ba, Bu, ni za ki yarda da ni. Na taɓa yi miki ƙarya?"

"Ka taɓa. Ka ce ka toshe yoyon ɗakina."

Suka yi dariya, ta ɗaure kayanta. Shi ya tura mata su a amalanke har ƙetaren kogi, inda ta samu wani ɗan akurki.

Wata da watanni yana cikin ƙura tare da magina. Ya kwaɓa siminti, ya ɗauki yashi, bai karɓi ko sisi ba. Da ma'aikacin banki ya zo duba gidan, shi ya zagaya da shi yana washe baki. Ranar Juma'a kuwa sai ya bi tsofaffin 'yan hayar yana ba su labari: an sa tayil, kowane ɗaki da banɗakinsa, an rufe rijiya an sa famfo. Har ya sa aka kafa wa Bu Lasmi ƙarfen shanya a ƙofar ɗakinta.

Ranar da aka gama fenti, sai ga masu walda da ƙofar ƙarfe da wani allo. Ina tsaye aka ɗaura allon, an rubuta: masaukin ɗalibai mata. Pak Kasiran ya daɗe yana kallonsa da guga a hannu. Da Teguh ya iso a kan babur, ya tare shi.

"Wannan fa?"

"Pakde, ka gane mana. Bankin da hayar ɗalibai ya yi lissafi. Abin da mutanenka ke biya ko rabin na wata ba zai kai ba."

"Yaushe ka san haka?"

Teguh ya tsaya wasa da makullin babur. "Tun farko. In na gaya maka, da za ka yi musu magana?"

"Da ban yi ba."

"To ka gani. Amma kai ban manta da kai ba. Ga ɗan ɗaki a bakin ƙofa, ka zama maigadi, har da albashi."

Pak Kasiran bai ɗaga murya ba. Ya ajiye gugan a gefen bango, ya ce, "Da bakina ka kore su."

Da yamma ya ƙetara kogi ya gaya wa Bu Lasmi da kansa, kafin ta ji a bakin wani. Daga baya ta faɗa mini ta ba shi shayi, amma ba ta zauna ba. Ta ce masa, "Shi ban san shi ba, Kasiran. Kai na sani." Sauran kuwa wasu sun ce da shi aka ƙulla, an sayi bakinsa da ɗaki. Bai je ya wanke kansa wurin kowa ba.

Bai karɓi gadin ba. Ya bar makullan gidan a wurina, ya kama ɗaki a bayan tashar mota, yana faci a bakin titi. Gidan ya cika da 'yan mata da babura, cinikina ma ya ƙaru, abin da har yau nake jin nauyin faɗa a gabansa.

Da ƙaramar salla ta zo, lokacin da yara ke zagaya manya neman gafara, Teguh ya je har wurin facin da kwalin biskit. Ya durƙusa zai sumbaci hannunsa.

"Pakde, a yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba."

Pak Kasiran ya miƙa masa hannun, baƙi ƙirin da man taya, idonsa na kan titi. Ya ce, "Ka je wurin Lasmi tukuna." An ce Teguh ya tambayi inda take zaune. Ban ji ya je ba.