Farar da ke cikin goran Kawu

Abu guda nake fata a ce ban aikata ba: taɓa goran Kawu. Jiya jikata ta kawo mini soyayyiyar fara, na kasa ci, sai ya faɗo mini a rai.

Kawu yana da wani gora da ya toshe da laka, rataye a jikin gawo gabas da gonakinmu na Karofane. Uwar fara ce ya kama, ya yi mata tofi ya rufe. Yakan ce, "In dai tana ciki, ɗiyanta ba su sauka."

Bayan shekara bakwai da rufe ta, wani Nasara mai tara ƙwari ya zo daga Madawa da akwatuna masu warin kafur. Ina sabon ango, ina son a san ni. Na sauko da goran na kai masa.

Da ya fasa, sai farar ta miƙe ƙafa. Ya soke ta da allura, amma fukafukanta ba su daina karkarwa ba.

Kawu ya iso, ya dube ta.

"Ɗana, mi ta yi maka?"

"Kawu, ƙwaro ne fa."

"To, tahi ka gaya ma gero."

Kafin gero ya nuna, sama ta yi duhu da hantsi. Kara kaɗai fara ta bar mana. Kawu bai ga damina ta gaba ba, bai kuma taɓa ɗaga mini murya ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa. Ku kuma, abin da tsoho ya rufe, kada ku buɗe don baƙo ya yaba muku.