Fitilar Da Ke Kan Firij

Bayan shekarar da ruwan teku ya cika ramukan da jirgin ƙasa ke bi ta ƙarƙashin birni, kafin cutar nan da ta rufe masallatai, a tsakanin nan ne autana ya shigo da wani akwati gidanmu na unguwar Mount Hope, nan ƙasar Turawa. Ni ban yi boko ba, amma abin da aka faɗa gabana sau ɗaya ya zauna ke nan.

Aikinsa a jami'a ƙera na'urar kama wasu ƙwayoyi ne, wai su muwon. Ya ce daga sama suke zubowa ba hutu, su ratsa rufi, su ratsa mutum, su shige ƙasa, ido bai gan su ba. Babbar na'urar wata jiha za a kai ta, shi ke jera mata wayoyi sirara kamar gashin jariri har idonsa ya yi ja. Wannan ƙaramar, wato akwatin, ta gwaji ce. Ya ɗora ta kan firij. Duk ƙwayar da ta ratsa, sai wata 'yar fitila ta ƙifta.

Na ce masa abin da ke ratsa bango ba sallama, mun san sunansa tun a gida. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni dai daga ranar ban ƙara zubar da ruwan zafi ba bisimilla ba, kada in ƙona baƙi.

Cutar ta ɗauke shi. Ba a bar ni na ga fuskarsa ba. Bayan arba'in na rabar da rigunansa, takalma, har agogo. Akwatin kuwa na jami'a ne, na san za a zo karɓa. Na bar shi a kunne.

Sai ga shugabarsa, wata Baturiya mai furfura. Na dama mata kunun gyaɗa, 'yata na fassara, na yi mata tambaya ɗaya.

"Ƙwayoyin nan suna kaiwa cikin kabari?"

Ta daɗe tana kallon fitilar, sannan ta ce suna kaiwa, har su wuce.

"To ki bar mini. Abin da ke ratsa ni, irinsa ke ratsa shi."

Ta shanye kununta ta sauka hannu wofi.

Har yau fitilar tana ƙiftawa. Wani lokaci ina tsakar tuƙa tuwo sai in ji bakina ya ce sannu da zuwa, in waiga, ba kowa.

Limamin da ya sallace shi ya bi shi. Baturiyar ma an ce ta rasu. Saura ni da 'yata, sai ɗan Maraɗin nan mai shagon ƙasanmu, wanda ya riƙe masa ƙofa ranar da ya hawo da akwatin.